Odar Ranar Asabar

"Hajiya, ki daure ki kalli wannan kafin ki kai cokalin baki."

Gimbiya ce ta yi maganar, murya a tausashe kamar mai kawo albishir, ta miƙa wayarta ta saman farantin da Auta ta gama cikawa.

Auta na durƙushe a bakin kafet, ludayi a hannu. Yau Asabar, kuma kamar kowace Asabar tun wata biyar da suka wuce, ta kawo wa mahaifiyar Injiniya, mutumin da za ta aura, shinkafa da miyar kifi a kulolin marigayiya Innarta guda biyu.

Tun kafin ta ɗago ta ji muryarta na fitowa daga wayar.

"Don Allah a soya albasar sai ta yi ja. Kar a yi mata gaggawa..."



Ba sai ta leƙa ba, ta san abin da ke cikin bidiyon. Ɗakin bayan ofishinsu ne na sayar da tikitin jirgi. Ga ta tana ba da oda a waya. Ga ta bayan awa biyu tana buɗe robobin gidan abinci, tana juyewa cikin kula, tana goge bakin kular da tsumma, tana cusa robobin a ƙasan kwandon shara.

Sau biyu Hajiya ta kalla. Sannan ta cire tabarau ta ajiye a cinya.

"Auta."

"Na'am, Hajiya."

"Wa ya dafa abincin nan?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"Saye... saye na yi."

"Na yau kaɗai?"

"Duka, Hajiya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wata biyar! Wata biyar ina tara mata a falon nan ina cewa ku zo ku ɗanɗana hannun surukata! Har maƙwabciyata nake ɗibar wa a kwano!"

Gimbiya ta karɓi wayarta ta koma kujera, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. 'Yar ƙanin Hajiya ce, kuma teburinta na kusa da na Auta a ofis. Ita ce ma ta kawo Injiniya ya haɗa musu wutar sola, ta sha kwalliya kwana uku a jere saboda shi, ya gama aiki ya tafi da lambar wata. Tun ranar take jiran rana irin ta yau.

Auta ta saci kallon Injiniya. Ta shirya wa fushinsa, ta shirya wa tsawa. Sai ta ga gumi ne ke tsiyaya a goshinsa, ya ƙura wa farantin ido kamar farantin ne zai tona masa asiri.

"Kai ba ka da bakin magana ne?" in ji Hajiya.

"Umma... abincin dai... ai yana da daɗi."

"Au! Abin da ka gani ke nan?"

Ta juyo kan Auta, muryarta ta sauka, kuma saukar ta fi faɗan ciwo.

"Ban ƙi wadda ba ta iya girki ba, ana koya. Amma wadda za ta kalli ƙwayar idona ina sa wa hannunta albarka ta ce amin? A'a. Maganar zuwa wurin kawunki, a ajiye ta."

Auta ba ta san yadda ta miƙe ba. Ta bar kulolin, ta bar ludayin, da ƙyar ma ta tuna da takalminta.

A bakin ƙofa ya cim mata.

"Masoyiya, tsaya..."

"Ka zage ni mana! Ka ce min maƙaryaciya, in san inda na tsaya!"

Ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Kin... kin ci abinci kuwa?"

Ta tsaya tana kallonsa. Aurensu ne ke rushewa, shi tambayar da ta zo masa ke nan? Ta tsayar da mota ta shige, har suka sha kwana tana juya tambayar a ranta, ba ta gane mata gaba ko baya ba.

A hawa na huɗu na wani bene suke zaune, ita da Yayarta, ma'aikaciyar jinya wadda ba ta iya lallashi ba ko da marasa lafiyarta ne. Ta saurari labarin tana cire safa.

"Ke dai kin ba ni kunya. Ƙaryar ma ba ki iya ba. A ofis ake juye abinci, gaban Gimbiya?"

"Yaya, don Allah..."

"Abin haushin, kin fi ni iya girki nesa ba kusa ba."

Gaskiya ce, kuma ita ce gaskiyar da Auta ba ta son ji. Tun tana tsayawa kan kujera 'yar tsuguno don ta leƙa tukunya Inna ke koya mata. Tare suke zuwa kasuwa, tare suke yanka, tare suke ɗanɗanawa su yi gardamar gishiri. Shekara uku da suka wuce, suna tsakar soya albasa, Inna ta dafa bango ta ce jiri take gani. Ba ta dawo daga asibiti ba. Tun ranar Auta ta kashe gas ɗin, ba ta sake kunnawa ba.

Birni kuwa ya taimaka mata. Fita bakwai na safe, dawowa bakwai na yamma, waya a hannu, abinci har ƙofa. Ta sami wani ɗan gidan abinci da bai taɓa yi mata musu ba, duk yadda ta ce a dafa haka za a dafa. Ko ƙofarsa ba ta sani ba, muryar wata mata kawai ta sani a waya. Takan juye a kular Inna don kar ya huce.

A haka Injiniya ya same ta wata rana a ofis. Ta yi masa tayi, ya kai cokali ɗaya, ya tsaya cak, ya dube ta wani iri.

"Ke kika dafa?"

"Eh," bakinta ya faɗa kafin hankalinta ya iso.

Daga wannan eh ɗin aka gina wata biyar.

Yaya ta buɗe firij ta nuna mata. Gorar ruwa uku, rabin lemun tsami da ya bushe, da tarin cokulan roba da babu wanda ya san dalilin da ya sa suke cikin firij.

"Dubi gidan 'ya'yan Inna."

Ta taka kujera ta sauko da wata jakar saƙa daga saman kabad, ta kakkaɓe ƙurarta, ta jefa wa Auta a cinya.

"Share lambar masu gidan abincin nan. Gobe Lahadi."

"Yaya, girki ba zai dawo min da shi ba."

"Wa ya yi maganarsa? Ni yunwa nake ji."

Washegari ta shiga kasuwa kamar baƙuwa. Inda ta san masu tumatir yanzu masu sayar da caja ne. Ta bi layin da ta ɗauka na kayan miya, ta ɓulle wurin masu katifa. Ta dawo, ta sake ɓullewa wurin masu katifar. Mai katifa har ya fara yi mata ragi.

Ta tsaya a tsakiyar hanya, masu baro na yi mata ihu, ta rasa abin da ya kawo ta. Me za ta saya? Nawa ake saye? Wa za ta dafa wa? Hawaye ya cika mata ido, ta juya za ta koma gida.

"Mai jaka! Ke mai jakar saƙa!"

Wani tsoho ne zaune bayan tulin albasa, yana miƙo wuya.

"Jakar nan na san ta. Hannunta ɗaya ai ni na ɗaure shi da igiyar buhu. Ina mai ita?"

"Ta rasu, Baba. Shekara uku."

Tsohon ya cire hula ya mayar. Ya yi mata addu'a doguwa, sannan ya share ido da bakin riga.

"Shi ya sa! Na ce matar nan ba za ta koma wurin wani ba sai ta zo ta zage ni. Ke ce 'yar da ke sace min ƙananan albasa ki zuba a aljihu?"

Dariya ta kufce wa Auta, hawaye na zuba.

"Zaɓi," ya ce. "In gani ko ta koya miki."

Ta durƙusa. Hannunta ya shiga tulin, kuma abin mamaki, hannun bai manta ba. Ya danna wuyan kowace albasa, ya ajiye mai laushi, ya ɗauki mai ƙarfi wadda ɓawonta ke ƙara.

"Jininta ce!" in ji Baba mai albasa. "Ta bar min ruɓaɓɓun."

Shi ya nuna mata inda aka mayar da masu tumatir. Ta shinshina gindin tumatir, ƙamshin ganyensa ya bugi hancinta, ta lumshe ido. Ta karya citta ta ji yajinta. Wurin mai kifi ta ɗaga kunnen kifin ta duba jansa, ta ce wannan na jiya ne, mai kifi ta rantse, ta sake rantsewa, sannan ta yi dariya ta jawo na yau daga ƙasan tebur. Auta ta fito kasuwa jaka ta yi nauyi, ƙafa ta yi ƙura, ta kama kanta tana murmushi a cikin mota. Nan take kunya ta kama ta. Wadda aurenta ya lalace jiya, me ya haɗa ta da murmushi?

A kicin ta daɗe tsaye gaban gas ɗin. Sau uku tana kai hannu tana janyewa. A na huɗu ta ce bismillah ta kunna.

Albasa ta faɗa cikin mai, ƙamshin ya tashi, sai ga Inna a ko'ina. Auta ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta shekara uku tana gudu. Kafin ta miƙe albasar ta ƙone ƙurmus.

Ta wanke tukunya ta sake yanka wata.

Yaya ta dawo daga aiki ta tsaya a bakin ƙofa tana jan hanci. Ta ci faranti biyu, sannan ta ce gishiri ya yi yawa, ta shige ɗaki. Auta ta ji ta tana fyace hanci.

Haka sati biyu suka wuce. Takan biya kasuwa in an tashi aiki, ta sayi na rana ɗaya kawai, don ta sami dalilin komawa gobe. Firij ya fara kama da na mutane. Zuciyarta ce dai ba ta san inda ta dosa ba.

Injiniya bai kira ba. Amma kullum da azahar saƙonsa na shigowa, kalma uku ba ƙari:

"Kin ci abinci?"

Fushi yake yi? Ba'a yake mata? Sallama ce a hankali? Ta rubuta amsa ta goge ta fi sau ashirin.

Gimbiya kuwa ta sami abin yi. Takan ɗaga murya a waya daidai lokacin da Auta ke kusa.

"Jiya ai ni na kai masa abinci. Tas ya cinye, har yana tambayar ƙari. Hajiya ta ce gara na gida..."

Auta takan ƙura wa allon kwamfuta ido har sunayen fasinjoji su haɗe. Rannan ta kusa tura wani bawan Allah ƙasar da bai nema ba.

Asabar ta uku ta ɗauki hutu, ta yi sammakon kasuwa don ta riski kifin farko. Tana shan kwanar layin sai ta ja birki.

Wani dogo ne tsaye gaban mai kifi, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga kunnen kifi yana dubawa. Ta san wannan ƙeyar. Ta san wannan agogon, ita ta saya masa.

"Haba Kuku!" mai kifi ke cewa. "Kullum sai ka wulaƙanta min kaya? Wallahi na yau ne!"

"Na yau yana ƙasan tebur. Fito da shi."

Kuku?

Auta ta laɓe bayan buhunan dankali. Mutumin da ya ce mata duk Asabar yana kan rufin gidajen mutane yana ɗaura faranten sola? Mutumin da ta ɗauka ko ruwan shayi ba ya iya dafawa? Ko yana da ɗan'uwa mai kama da shi ne? Ko dai ita ce ta fara zaucewa?

Ta bi shi. Ya tsaya wurin Baba mai albasa, suka tafa kamar tsoffin abokai. Ya fita ta ƙofar baya, ya bi wani lungu, ya shiga wata ƙofa shuɗiya. A jikin bangon an rubuta lambar waya da fenti.

Ta karanta lambar. Ta sake karantawa. Lambar gidan abincin ce, tuni ta share ta daga wayarta, amma ba ta share ta daga kanta ba.

Ƙafafunta ne suka shigar da ita. Wata mata mai jiki na zaune da waya da littafin oda.

"Sannu da zuwa, me za a kawo?"

Muryar ce! Auta ta wuce ta ɗaga labulen kicin.

Yana tsaye ya ba ta baya, sanye da rigar girki, wuƙa na tafiya kan albasa da saurin da ko Inna sai ta jinjina masa. A bangon gabansa an manna takardu da yawa, duk da rubutun hannunsa. A saman kowace an rubuta: Odar Asabar.

Ta matsa ta karanta.

A soya albasa sai ta yi ja.

Kar a zuba tumatir sai mai ya taso.

Kifi sau ɗaya ake juya shi.

Lemun tsami bayan an sauke, ba a kan wuta ba.

A rage barkono, mai cin ba ya so.

"Mai cin ba ya so," ta karanta a fili.

Wuƙar ta faɗi.

"Auta! Masoyiya... me... ta ina..."

"Kai ne?"

"Bari in yi miki bayani..."

"Kai ne kake dafawa?"

"Ni ne."

"Wata biyar?"

"Shekara biyu da buɗe wurin. Asuba zuwa tara kullum, Asabar kuma wuni."

Ta dafa tebur.

"Tsaya in gane. Kai za ka dafa da safe. Ni in saya da rana. In juye a kula. In kai maka da yamma. Ka ci, ka ce Allah ya yi wa hannuna albarka?"

"Haka ne."

"Ka yabi girkinka da bakinka?"

"Ai... yana da daɗi."

Ta ɗauki albasa guda ta jefe shi. Ya kauce, ta bugi tukunya.

"Mugu! Azzalumi! Ka bar ni ina kwana da fargaba! Ka tsaya kana kallo aka tozarta ni a gaban Hajiya, alhali kalma ɗaya daga bakinka..."

"Na sani. Wannan ban da abin cewa. Tsoro na ji, Auta. Ina ɗan shekara goma sha biyar Umma ta kama ni a kicin, ta ce ba ta haifi ɗa don ya ƙare a gindin murhu ba. Na yi karatun da take so, na zama abin da take so, na ɓoye wannan. Ranar nan na buɗe baki in faɗa, na kalli fuskarta, sai na koma ɗan shekara goma sha biyar. Na bar ki ke kaɗai. Sati uku ban iya kiranki ba saboda kunya."

"To me ya sa tun ranar farko ba ka tona ni ba?"

"Ranar farko tambayarki na yi don ki ce saye kika yi, in ji daɗi a raina an yabi wurina. Sai kika ce eh. Na rasa yadda zan yi. In na ce ƙarya ne, za ki ce ta ina na sani."

Dariya ta taso mata, ta danne ta da ƙarfi, don ba ta gama fushi ba.

Ya nuna bangon.

"Amma ki dubi nan da kyau. Kafin ki fara kiranmu, miyar kifina ba kowa ke sake nema ba, tambayi mai karɓar oda. Ke kika gyara ta, Asabar bayan Asabar. Na ce a raina, wadda ta san lemun tsami ba ya son wuta ba koyo take ba, wani abu ne ya kore ta daga kicin. Na yi ta jira ki faɗa min da kanki."

Auta ta kalli takardun. Babu kalma ɗaya tata a ciki. Duk maganar Inna ce, yadda take faɗa tana tsaye da ludayi. Ashe duk gudun kicin ɗin da take yi, tana aika muryar Inna ta waya zuwa kicin ɗin wani.

"Girkin Innata ne," ta ce a hankali. "To wa ya dafa ke nan? Ni, ko kai, ko ita?"

"Wallahi ni ma ban sani ba."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Gimbiya ta ce ka cinye abincinta tas."

"Daga nan ta yi oda. Ni na dafa."

Wannan karon dariyar ta fi ƙarfinta. Ta yi har ta riƙe ciki, mai karɓar oda ta leƙo ta koma. Da ta tsagaita sai ta ɗaure fuska.

"Ban yafe ba tukuna. Ni na faɗi tawa gaskiyar a gaban Hajiya, ina durƙushe. Saura kai."

Ya dubi agogonsa.

"Yau?"

"Yau. Matsa min, murhu ɗaya nawa ne. Kuma kar ka taɓa min tukunya."

Da la'asar suka yi sallama a falon Hajiya, kowa da kwanonsa a hannu. Gimbiya na nan, tana yanke wa Hajiya farce.

"Me ya dawo da ke?" in ji Hajiya.

Auta ta durƙusa.

"Haƙuri na zo bayarwa, Hajiya. Na yi miki ƙarya, ba ni da hujja. Wannan ni na dafa, daga kasuwa har tukunya. Ko ba ki ci ba, ina so ki sani."

"Wa zai shaida?" Gimbiya ta ce tana murmushi.

"Ni," in ji Injiniya.

Ya zaro rigar girkin daga leda, ya warware ta, ya sa a wuyansa a tsakiyar falon. Ya ɗaure igiyar.

"Umma, gidan abincin da take saye... nawa ne. Abincin da kika yi wata biyar kina yabo, ni nake dafawa. Na sani tun ranar farko. Ƙaryarta wata biyar ce, tawa shekara biyu."

Abin yanke farcen ya faɗi daga hannun Gimbiya.

Hajiya ta sa tabarau. Ta cire. Ta sake sawa.

"Kai ka dafa?"

"Ni ne, Umma."

"Ita ta kawo?"

"Eh."

"Ta ce ita ta dafa, kai ka san kai ne, ka zauna nan kana cewa in ƙara?"

"Amma ita take faɗar yadda za a dafa. Koyarwar mahaifiyarta ce."

"To ni wa na yi ta sa wa albarka?"

Hajiya ta ɗaga yatsa, ta tuna wani abu.

"Wanda Gimbiya ta kawo shekaranjiya fa, da na ce ya yi kama da..."

Ta juya. Gimbiya ta riga ta ɗauki jakarta, wai ta tuna ta bar ruwa a buɗe a gida.

Hajiya ta daɗe tana kallon ɗanta cikin rigar girki. Auta ta ƙura mata ido. In matar nan ta ce su fita, shi ke nan, ta rasa shi, shi kuma ya rasa uwa da sana'a a rana ɗaya.

"Shekara biyu," in ji Hajiya daga ƙarshe. "Kana tashi da asuba ina cewa ɗana ya fi kowa himma. Har tsorona ya kai ka ɓoye min abin da hannunka ya iya?"

"Ki yafe min, Umma."

"Rufe min baki. Ba ni cokali."

Ta fara da kwanonsa. Ta tauna, ta gyaɗa kai, ta san wannan. Sannan ta jawo na Auta, ta ɗiba, ta kai baki.

Ta sake ɗiba.

"Gishiri ya ɗan yi yawa."

"Haka Yayata ta ce, Hajiya."

"Kifin kuma ya farfashe."

"Hannuna ne ke rawa."

"Na gani." Ta kai cokali na uku. "Wannan dai na san wanda ya dafa shi. Babu mai sayar da abinci da zai bari ya fita da wannan gishirin."

Ta miƙe ta shiga ciki. Ta dawo rungume da kulolin Inna guda biyu, an wanke su har suna ƙyalli, ta ajiye a gaban Auta.

"Kullum sai na ce a mayar miki, sai in kasa. Miƙo hannunki."

Auta ta miƙa.

"Kai ma kawo naka, munafuki."

Ta haɗa hannayen biyu cikin nata.

"Allah ya yi wa hannayen nan albarka. Allah ya jiƙan wadda ta koyar."

Auta ta buɗe baki, kuka ya riga ta. Wata biyar tana faɗar kalmar nan da fargaba, yau da ta zama halalinta ta kasa fitowa.

"Ba ki ce komai ba," in ji Hajiya.

"Amin," ta ce da ƙyar. "Amin, Hajiya."

"Gobe ka kai ni wurin kawunta. Kuma ka cire rigar nan kafin maƙwabciyata ta shigo, sai na shirya yadda zan faɗa mata."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Asabar ɗin farko da tarewa, Baba mai albasa ya hango jakar saƙa na tahowa, mutum biyu na riƙe da ita, kowa da hannu ɗaya, suna gardama tun daga bakin layi.

"Na ce maka manya za mu saya!"

"Ƙanana sun fi zaƙi, ranki ya daɗe."

"A kicin ɗinka. Yau nawa ne."

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta duba, ta ɗago ta harare shi, yana tsaye kusa da ita yana kallon sama kamar ba shi ba.

"Kin ci abinci?"

Ta rubuta amsar da ta yi sati uku tana gogewa, ta tura, ta durƙusa gaban tulin albasa.

Ya buɗe saƙon.

"Ban ci ba. Riƙe jakar, yanzu zan dafa mana."